Arba'in da Ɗaya na Appa, Sauran Nawa

"Cire furen nan daga kanki, Amma."

"Ba zan cire ba."

"Shekararki tamanin da biyar fa!"

"To furen ya tambaye ni shekaruna? Matar da ta sayar min ma ba ta tambaya ba, sai ke?"

Umayal ta dafe kai da hannu biyu. 'Yata ce, ita kaɗai na haifa, shi ya sa take ce min Amma, wato uwa a yarenmu. Shekararta sittin da ɗaya, ta daɗe da barin aikin banki, sai dai har yau magana take yi kamar mutane na layi a gabanta. Tun da ta sauka daga jirgin Chennai ko ruwa ba ta sha ba. Jakarta na nan tsakar ɗaki inda ta yar.

"Ga kuma koren sari! Shekara goma sha tara rabon da in gan ki da kaya mai launi, tun rasuwar babana."

"Fararen sun yi datti."

"Duka bakwai ɗin?"

"Duka bakwai ɗin."

Ta zaro waya ta tura min har kan hanci. Hotona ne ni da Malam Sivasailam a kan dakalin ƙofar gida, yana riƙe da littafinsa, ni kuwa na wangale baki ina dariya, haƙorana huɗu duk a waje. Daga bayan bishiyar zogale aka ɗauka, ga ganye nan ya rufe rabin kan Malam. Ƙasan hoton an rubuta: *Ki zo ki ga uwarki. Kullum ƙarfe huɗu. Ba ruwana, na dai faɗa.*

Pechi ce. Pechi maƙwabciyata, wadda ta zo layin nan tana amarya ko gaisuwa ba ta iya ja ba, ni na zaunar da ita na koya mata yadda ake jin abin da ake yi a gida uku ba tare da an tashi daga bakin murhu ba. Yau ga shi ta gwada a kaina. Gaskiya ta iya, hoton ya fito.

Ku da kuke bin labaran nan nawa a waya, kun san ban taɓa raga wa kowa ba. Tun da jikata Nila ta nuna min inda zan danna in yi magana waya ta rubuta, na ba ku labarin mai shagon kofi da ƙanwar matarsa, na ba ku na surukar Pechi da ta ɓoye kifi a ɗakin ibada. Yau nawa ne. Ku gyara zama, kada kuma wanda ya tausaya min, ba na so.

Sunana Ponnuthai. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Pudukkulam ya ga mutum-mutumin da ke shataletalen tasha, mai gyale a kafaɗa, hannu ɗaya sama kamar yana tsayar da motar Tirunelveli. Appa ne, mahaifina, Muthirulappan mawaƙi. Bai yi kama da shi ba. Uwata, Aatha, da aka kai ta bikin buɗe shi, kallo ɗaya ta yi ta ce hancin na wani ne.

Zamanin Turawa ya yi waƙarsa. Ba ya yi wa alloli, ba ya yi wa masu gonaki. Gishiri yake wa waƙa, da masu hawan giginya, da matan da ake kora daga rijiyar tsakiyar gari su je bayan gari ɗibar ruwa.

*Gishirin tekunmu, gumin goshinmu,*
*wa ya ba baƙo mudun awonmu?*

Irin wannan. Idan ya tsaya a kasuwa ya fara, masu kifi barin kifi suke yi. Ina da shekara uku 'yan sanda suka zo.

Abin da Aatha ba ta yafe masa ba har ta mutu, ba kamun ba ne, fitar ce. Mutum ai ba ya barin gida ya ce na tafi. In je in dawo, haka ake cewa, ko kasuwa za ka ko yaƙi. A gidan makoki kawai ake sulalewa ba sallama, don kada mutuwa ta ji an yi alkawarin sake zuwa. To Appa ya tsallake bakin ƙofarmu tsakanin 'yan sanda biyu, bakinsa cike da waƙa, mutanen layi na amsawa, bai waiwayo ya ce in je in dawo ba. Bayan wata tara aka aiko da gyalensa daga kurkuku.

Takardunsa kuwa, tun kafin nan aka yi shela duk gidan da aka samu ko guda ɗaya za a rufe shi. Aatha ta jira jajibirin bikin Pongal, asubar da kowa ke fito da tsofaffin tabarmi da guntayen tsintsiya ya ƙona a ƙofar gida. Ta naɗe takardun Appa kaf a cikin tabarmar da yake kwanciya, ta cinna wuta. Ɗan sandan da aka sa gadin gidanmu har matsowa ya yi yana ɗumama hannu.

Ba ta iya karatu ba. Sai dai Appa ba ya rubuta waƙa sai ya gwada ta a kunnenta, ita kuma kunnenta ba ya zubar da abu. Ta samo gwangwani ta zuba 'ya'yan tsamiya arba'in da ɗaya, kowace waƙa da ƙwayarta. Kullum idan ta zauna gaban dutsen niƙa tana markaɗa shinkafar idli, wainarmu ta safe, sai ta juye su gefe ɗaya, ta rera waƙa ta jefa ƙwaya cikin gwangwani, ta rera ta jefa, har su ƙare. Haka na koya. Ranar da na sauya kalma ɗaya don ta fi daɗi a bakina, da hannun markaɗe ta mare ni, ƙullu har cikin kunne.

"Ubanki ya mutu a kan kalmar nan," ta ce. "Ke a kan me kika mutu?"

To kun ji gadon da aka bar min. Sau ɗaya a shekara, ranar tunawa da Appa, manyan gari su aiko mota, a rataya wa mutum-mutumi furanni, a yafa min mayafi, a ɗauki hoto, a maido ni. Mayafai sun cika akwati biyu. Babu wanda ya taɓa cewa, tsohuwa, rera mana guda ɗaya. Sauran kwanakin shekara kuwa ni ce da fanka. Ɗaki uku, ni kaɗai. In share ƙofar gida in yi zanen garin shinkafa, tururuwa su cinye. In zuba wa hankaka shinkafa a katanga, tunda an ce kukansa baƙo yake kira. Ranar Lahadi Umayal ta kira, minti bakwai, "Kin sha maganinki? Kin ci abinci? To ina da baƙi." Wani lokaci sai in wuni ban buɗe baki ba, da yamma in yi tari don in ji ko muryar na nan. Kuna tsammanin don me nake son gulma? Wanda gidansa ke da hayaniya ba ya kasa kunne a katanga.

Sai ga Malam Sivasailam, watanni goma sha ɗaya da suka wuce. Tsohon malamin makaranta ne daga ƙetaren kogi, matarsa ta rasu, 'ya'yansa na ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Shekararsa tamanin da biyu, wato na girme shi da uku, bai sani ba, kada ku faɗa. Farar riga an ɓalla maɓallanta har wuya, biro uku a aljihu, toka a goshi an shafa ta miƙe kamar da abin ja layi, ga baƙar lema ko ana rana ko ana ruwa. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya jera su daidai, ya haɗa hannuwa ya ce, "Ke ce 'yar mawaƙi?"

Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba. 'Yar mawaƙi.

Ya ce yana so ya rubuta waƙoƙin kafin... Na ce, "Kafin in mutu, faɗi, ba zan ji haushi ba, kai ma ai ba jariri ba ne." Ya yi dariya har ya ƙware.

Uku yake so a rana. Na ce ƙirjina ba zai ɗauka ba, ɗaya dai. Da na ga ana cin waƙoƙin da sauri sai na koma rabi, daga baya ma baiti ɗaya-biyu. "Ayyo, Malam, baitin ƙarshen ya ɓace min, sai gobe." Baitin da ko cikin barci aka tashe ni zan kawo shi! Ya sauka daga bas ƙarfe huɗu saura, in dafa kofi da mazarƙwailar giginya, in soya ƙosai biyu, mu zauna a dakali. In rera, ya rubuta, ya cire tabarau ya goge ido. Daga nan in ba shi labarin layi. Da farko cewa yake, "Ba kyau, 'yar mawaƙi, ba kyau." Bayan wata biyu shi ke tambaya, "Ya aka ƙare da maganar kifin nan?" Idan zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa takalmi, ya ce, "In je in dawo." In ce, "Je ka dawo." Kowace safiya kuma ga saƙonsa a waya, hoton rana tana fitowa, a ƙasa ya rubuta: *Ƙarfe huɗu, da yardar Murugan.* Sunan abin bautarsa ke nan. Ni kuma in danna in ce, "In ka ga dama."

Na ja arba'in da ɗaya har wata shida. Ranar da na rera ta ƙarshe, ya rufe littafi ya ce, "Gobe wacce ce?"

Jama'a, na buɗe baki zan ce sun ƙare. Na kalli takalmansa a bakin ƙofa. Na ji bakina ya ce, "Gobe akwai wata da Aatha ba ta cika rerawa ba."

Washegari da safe na zauna gaban dutsen niƙan Aatha, wanda na daina amfani da shi tun da aka kawo inji. Na jiƙa shinkafa na fara juyawa. Kafin ƙullu ya yi laushi waƙa ta fito. Ni da na tsaya a aji uku! Ban san ta inda ta zo ba. Gwangwanin tsamiyar kuwa na tura shi can bayan tulun shinkafa, don ji nake yana kallona.

Ashirin da biyu na yi. To mu koma wurin Umayal.

Tana cikin zagaye ɗaki tana lissafa min abin da mutane za su ce, sai idonta ya faɗa kan kanta, ƙasan hoton mijina. Littafin gwaji da maɗaba'a ta aiko yana nan, Malam ya bar min in taɓa. Ta ɗauka. Ta karanta bango da ƙarfi: "Waƙoƙin Muthirulappan, kamar yadda 'yarsa ta riƙe su." Fuskarta ta ɗan saki. Ta buɗe shafin farko, ta bi jerin sunaye da yatsa har ƙasa. Yatsan ya tsaya.

"Sittin da uku?"

Na shiga gyara furen kaina.

"Amma. Ni na riƙe wa kakata gwangwanin nan ina yarinya. Ni nake jefa ƙwayoyin idan hannunta da ƙullu. Arba'in da ɗaya ne."

"Wasu sun dawo min."

"Daga ina?" Ta buɗe tsakiya ta karanta, muryarta kamar tana karanta takardar kora:

*Na zuba wa hankaka shinkafa a katanga,*
*ya ci, ya goge baki, bai kira min baƙo ba.*
*Fanka na juyawa, ɗakin bai motsa ba.*
*Kofi biyu na dafa, ɗaya ya huce.*

"Fanka, Amma? Ina aji biyu aka kawo lantarki garin nan! Kakana ya ga fanka a ina?"

"Duba ƙasa, Malam ya yi bayani."

Ta duba. Shafi ɗaya da rabi mutumin nan ya rubuta, wai irin fankar ƙyallen nan ce da ake ja da igiya a kotun Turawa, wai mawaƙi ya gan ta ranar shari'arsa, kofi biyun kuma matarsa yake tunawa a kurkuku. Ranar da ya karanta min bayanin sai da na shiga madafa na cusa bakin sari a baki.

Umayal ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan benci a hankali. Ta sake karanta baitukan, wannan karon a zuci, leɓenta kawai ke motsi. Ta daɗe. Da ta ɗago idonta ya yi ja, na ɗauka za ta ce wani abu mai taushi. Ina! 'Yar banki ce.

"Kakata ta yi shekara hamsin tana rera su ba ta ƙara wasali ba. Ke a wata biyar kin ƙara ashirin da biyu. Ko ki faɗa masa yau ko ni in faɗa. Gobe kuma jirgin ƙarfe biyar da rabi na yamma, tikiti biyu na saya. Zaman nan ke kaɗai ya ƙare."

"Idan na faɗa ba zai sake zuwa ba."

Ban yi niyyar faɗar haka ba, fita ta yi. Umayal ta kau da kai ta kalli bango.

A daidai nan muka ji ƙarar ƙofar waje, sai ƙwas ƙwas na lema a kan siminti. Huɗu ta buga.

"'Yar mawaƙi! Yau na zo da labari, ba ke kaɗai ke da labari ba!"

Ya jera takalmansa, ya shigo yana haki, ya ga Umayal ya tsaya cak. Na ce 'yata ce. Ya haɗa hannuwa. "Jikar mawaƙi! Goshin nasa ne sak." Goshin wa ya gani, na mutum-mutumi? Umayal ta gaishe shi da ladabi, ta ce bari ta dafa kofi, ta shige madafa ta bar ƙofa a buɗe. Ina ganin gefen kunnenta.

Yau a ɗaki muka zauna, saboda Pechi na nan tana shanyar da ba ta da ranar ƙarewa. Malam ya dubi koren sarina, ya dubi furen, ya yi sauri ya mai da ido kan littafinsa, kunnuwansa suka yi duhu. Shekara tamanin da biyu!

"Kwamitin tunawa sun amince," ya ce. "Ranar bikin za a ƙaddamar da littafin. Ba shi ke nan ba. Za a sassaƙa baiti huɗu a jikin dutsen da mutum-mutumin ke tsaye a kai. Suka ce ni zan zaɓa. Jibi mai sassaƙa zai fara."

"Ka zaɓi ta gishiri," na ce da sauri. "Kowa na son ta gishiri."

"A'a. Ta hankaka."

A madafa cokali ya faɗi.

"Ta gishiri ta taron kasuwa ce," ya ce, yana shafa bangon littafin. "Kowa ya san mahaifinki jarumi ne. Ba wanda ya san ya taɓa zama shi kaɗai a ɗaki yana jiran ƙarar ƙofa. Waɗannan na ƙarshen, 'yar mawaƙi, su ne shi. Ranar da kika ba ni ta hankaka ban hau bas ba, da ƙafa na ƙetare gada. Da na isa gida na tsaya gaban hoton matata na karanta mata." Ya cire tabarau. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Har yau kofi biyu nake dafawa da safe."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin sari.

Ya mai da tabarau, ya yi gyaran murya, ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido. "Abu ɗaya ke damuna. Idan littafi ya fita, aiki ya ƙare ke nan. Mutum kuma ba ya zuwa gidan mutane haka kawai, ba dalili. Shi ne na ce... kin tabbata babu saura? Ko guda biyu-uku da suka maƙale? Ana iya yin littafi na biyu. Ba sauri nake ba."

Ku faɗa min gaskiya, ku da kuke karantawa, da ku ne me za ku yi? Ina da wata sabuwa a bakina a lokacin, da safen nan na markaɗa ta, a kan baƙar lema ce. Da na ce e, shi ke nan, na sayi wata shekarar. Umayal zan iya da ita, ni na haife ta, na san inda ake danna ta ta yi shiru. Chennai kuwa sai dai a ɗauke ni da dakalin.

Dutsen ne ya hana ni. Takarda tana ƙonewa, na gani da idona. Dutse kuwa zai tsaya a ƙarƙashin ƙafar Appa bayan ni da Malam da Pechi duk mun zama toka, yara su haddace, a tambaye su a jarrabawa. Mutumin da ya mutu bai yarda ya janye kalma ɗaya ba, a ɗora shi a kan kukan wata tsohuwa da ta rasa abokin shan kofi. Kumatuna na dama ya ɗauki zafi, daidai inda ƙullun Aatha ya sauka.

Na tashi, gwiwoyina suna ƙara. Na wuce Umayal a madafa, na sa hannu bayan tulun shinkafa. Na dawo na durƙusa a gabansa na juye gwangwanin a kan siminti. Ƙwayoyin suka watse, baƙaƙe, sun yi santsi saboda shekaru tamanin na hannu.

"Ƙirga, Malam."

"Mene ne wannan?"

"Kowace waƙar Appa da ƙwayarta. Uwata ta zuba su ranar da ta ƙona takardun. Ƙirga."

Ya sunkuya. Da yatsa ɗaya yake jan su, biyar-biyar, kamar mai duba yara a layi. Ya kai ƙarshe. Ya sake farawa. Ya leƙa ƙarƙashin benci ko wasu sun gangara. Ya ɗaga gwangwanin ya girgiza.

"Arba'in da ɗaya," ya ce.

"Arba'in da ɗaya."

"Sauran fa?"

"Nawa ne."

Fanka na ta juyawa a samanmu. Umayal ta fito da kofi biyu a faranti, ta tsaya a bakin madafa ba ta ƙaraso ba.

"Ta hankaka?"

"Hankakan na nan a katanga, kana iya gaishe shi."

Ban san abin da ya sa na yi wasa ba. Bakina ne, haka yake tun ina yarinya, idan zan yi kuka sai ya riga ni.

"Fankar..." Ya ɗaga kai sama a hankali, ya kalle ta. "Shafi ɗaya da rabi na rubuta. Na je ɗakin karatu na Tirunelveli sau uku a kan fankar nan. Kina zaune na karanta miki. Kika ce min, Malam, kai dai akwai ilimi."

"Akwai ɗin ai."

"Shekara talatin da shida ina koyarwa. Ban taɓa ɗaga wa yaro ƙafa a kan satar amsa ba, ko ɗan shugaban makaranta ne. Na tsaya gaban kwamiti na dafa ƙirji. Na tsaya gaban hoton matata..." Muryarsa ta karye. Ya miƙe tsaye, littafin ya zame daga cinyarsa, ya cafe shi. "Me ya sa? Me na yi miki?"

"Zuwa ka yi."

"Me?"

"Zuwa kake yi, Malam. Kullum ƙarfe huɗu. Shekara goma sha tara ba wanda ya buga ƙofar nan sai mai karanta mitar wuta. Waƙoƙin suka ƙare. Me zan ba ka?"

"Da sai ki ce in zo in sha kofi!"

"Da za ka zo? Kai da bakinka yanzun nan ka ce mutum ba ya zuwa gidan mutane ba dalili."

Na jira, na rantse muku na jira, ina durƙushe a cikin 'ya'yan tsamiya da koren sarina da furen da ya fara yaushi. Kalma ɗaya nake so. Ya dube ni, irin duban da bai taɓa yi min ba, ba ta saman littafi ba, kai tsaye.

"Ponnuthai," ya ce.

Karo na farko ke nan da sunana ya fito daga bakinsa. Ban san ya riƙe shi ba ma.

Ya danna littafin a hammata, ya ɗauki lemarsa, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, daidai inda yake tsayawa kullum. Har na shirya amsata a kan harshe, je ka dawo, tana nan tana jira. Umayal ma, da duk taurin kanta, na ji ta ce a hankali, "Malam, kofi..."

Bai ce in je in dawo ba. Ya tsallake bakin ƙofar shiru kamar mai barin gidan makoki, ya ja ƙofar da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Garam! Har busassun furannin da ke rataye a hoton mijina suka zubo.

Muka ji ƙwas ƙwas na lema yana nisa. Muka ji muryar Pechi, "Malam, yau da wuri haka?"

Umayal ta ajiye farantin. Ta je ta buɗe ƙofar, ta leƙa, ta daɗe a tsaye. Ta juyo.

"Amma, ba takalmi ya tafi. Ga su nan a jere."

Ta sunkuya za ta ɗauka ta bi shi.

"Kada ki taɓa," na ce. "Bar su inda ya ajiye."

"Jirginmu fa gobe biyar da rabi."

"Na ji. Huɗu ai tana riga biyar da rabi zuwa."

Na fara tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa cikin gwangwani. Kofi biyu na kan faranti, ba wanda ya taɓa.